Taguwar da Ba a Ɗinka Ba

Bazarar shekarar da Nasara suka zo dasa turakun iyaka tsakanin Illela da Ƙonni, ko tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin irinta ba. Tun hantsi ƙasa take ɗaukar wuta. Kaji su saki baki su shige ƙarƙashin rumbu, ruwan randa kuwa kafin azahar ya yi ɗumi, ka sha ka ƙoshi ƙishirwa tana nan inda take. A cikin wannan masifa ne mai gari ya aiko gida gida, wai Turawa suna son samari masu ƙarfi da za su ɗaukar musu kaya su bi su gabas, inda za a ci gaba da dashen turakun. Mukhtari, ɗan Lubabatu, yana cikin waɗanda aka kira.

Lubabatu mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta ƙi sake aure, ta zauna a ɗakinta na gidan gado tana kaɗi tana ci da kanta. 'Ya'yan da ta haifa duk sun koma tun suna goye, Mukhtari kaɗai ya rage mata, shi ne kuma ɗan farinta. Wanda ya san mutanen ƙasar nan ya san abin da wannan yake nufi. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido da ido a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da cinsa ko ciwonsa. Tun yana rarrafe har ya fara gemu, Lubabatu ba ta taɓa buɗe baki ta ce Mukhtari ba. "Wancan" take ce masa. In ta gama tuwo sai ta ajiye akushi a bakin ƙofa, ta fuskanci bango ta ce, "Ga tuwo nan ga mai ci." Matan unguwa suna yabonta a kan haka, suna cewa a yi koyi da kunyar Luba.

To, abin da baki ya kasa faɗa, hannu ne yake faɗa. Tun kaka ta ware audugar da ta fi tsawon gashi, ta gurje, ta shiɓe, ta yi ta kaɗa zare siriri wanda ba ta taɓa yi wa mai saye irinsa ba. Da ta kai wa masaƙi ta tsaya a kansa, ta ce kada ya kuskura ya danne saƙar. Mutumin ya yi ta ƙunƙuni wai za a ce ya ci zaren mutane, ta ce a ce ɗin. Haka ta samu naɗin fararen sawaye, 'yan siraran ƙyallayen nan da ake haɗawa a yi riga, marasa nauyi, masu laushi. Ta gwada su yadda uwarta ta koya mata: ta kara ƙyallen a bakinta, ta sa tafin hannu a bayansa, ta hura. Iskar ta ratsa ta sauka a tafinta da sanyi. Taguwar bazara take nufin a ɗinka wa wancan, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

Ranar da za ta kai wa maɗinki ne Maharazu ya shigo.

Maharazu ƙanin mijinta ne, ɗan kasuwa mai zuwa Jega, mai son a gan shi a kuma san an gan shi. Tun rasuwar wansa shi ne mai magana a kan Mukhtari. Ya shigo da ƙunshi a hammata yana ɗaga murya tun daga zaure.

"Matar yaya! Hito ki ga abin da idonki bai taɓa gani ba."

Ya warware ƙunshin a kan tabarma, tsakar gida ta ɗauki ƙyalli. Ƙyallen Turawa ne ya sayo, mai kaurin saƙa, wanda ko allura sai ta yi da gaske. Wannan bai ishe shi ba. Shi da yake ganin tufa ba ta cika tufa ba sai ta yi nauyi tana walƙiya, sai ya kai shi marina aka yi ta tsomawa har ya yi baƙi ƙirin, ya kai mabuga aka barbaɗe shi da shuni aka yi ta lafta masa bugu har 'yan kafofin da suka rage suka toshe. Matansa da maƙwabta suka leƙo suna riƙe baki.

Lubabatu ta goge allin kaɗi daga yatsunta, ta ɗauki gefen ƙyallen. Tun daga nauyinsa gabanta ya faɗi. Ta kara a baki, ta sa tafi a baya, ta hura. Ta sake cika ciki ta hura har kumatunta suka yi zafi. Ko ɗigon iska bai fita ba, sai leɓɓanta da suka yi shuɗi.

Maharazu ya ƙyalƙyale da dariya. "Ke, wuta aka hurawa, ba tuhwahi ba!"

"Wa za a ɗinka ma wanga?"

"Ɗana mana. Wa gare ni da za shi gaban Nasara in ba shi ba?"

"Maharazu, wanga ba ƙyalle ba na, kilago na. Cikin ranag ga za ka sa mutum cikinai? Gasa shi kaka son yi?"

Ta shiga ɗaki ta fito da naɗinta, ta shimfiɗa shi kusa da nasa. A gaskiya, a gefen wannan baƙin mai walƙiya, farin nata ya yi kama da kayan talaka. Maharazu ya ɗaga shi da yatsu biyu ya duba rana ta cikinsa.

"Mi a wanga, rariya? Ki saurara, Luba. Nasara ba su san ɗan kowa ba, ba su san gidan kowa ba, riga suka gani. Wanda yaf fi kyan tuhwahi shi suka ɗorawa helluma, shi riƙa sanda shina ba da umarni, saura su ɗauki kaya. Ni nig gani da idona Jega. Kina son ɗan yayana shi ɗauki akwatin Nasara bisa kai awa bawa? Shi sa abin ga naki, a ce mun rasa abin suturta maraya?"

A yi masa adalci, ba mugunta ce ta sa shi ba. Yana son yaron, irin son da mai tsiya da girman kai yake yi, wanda ba ya jin komai sai muryarsa. Amma Lubabatu ranta ya riga ya ɓaci, ta saki baki. Ta ce masa wawa, ta ce masa mai ƙaton rawani da ƙaramin tunani, ta ce tun yana yaro ba ya sayen abu sai don maƙwabta su gani. Ta ce shi da yake yawo a kan jaki da inuwar malafa, me ya sani game da tafiyar ƙasa a kan fako da tsakar rana?

Abin takaicin shi ne, matar wa da ƙanin miji abokan wasa ne. Duk zagin da za ta yi masa, al'ada ta riga ta mai da shi raha. Tana zaginsa, shi yana tafa hannu, mata suna shewa suna cewa yau Luba ta tashi da mijinta na wasa. Ba abin da ya fi wannan cin rai, kana kuka da gaske ana ce maka ka iya barkwanci.

"Ba wasa nika yi ba!" in ji ta. "Wallahi ba wasa nika yi ba. Wancan ba ya jimirin zahi, tun shina ƙarami ƙuraje ka hito mai."

"Wane wancan?" Maharazu ya karkata kai yana kashe wa matan ido. "Gidan ga wancan da yawa. Hwaɗi sunanai in ji."

Aka sake fashewa da dariya.

Ana cikin haka Mukhtari ya shigo daga gona, dogo, baƙi, kafaɗunsa suna sheƙi da zufa. Bappansa ya jawo shi ya tsayar da shi a kan ƙyallayen biyu, ya ce to ga mai riga, shi ya zaɓa. Saurayin ya dubi baƙin, idonsa ya yi haske. Wa zai ga laifinsa? Bai taɓa mallakar abu mai walƙiya ba. Sannan ya dubi farin, ya gane zaren, don ya sha kwana yana jin ƙarar mazarin uwarsa. Ya ɗaga ido a hankali ya dube ta. Kalma ɗaya yake jira. Da ta ce "ɗauki wanga," da ya ɗauka.

Idanun matan gida duka suna kanta. Ta juya fuskarta bango, kamar yadda ta saba yi tun ranar da aka haife shi. Mukhtari ya ɗauka ba ta da ta cewa, ya sunkuya ya shafa baƙin ƙyallen.

Duk da haka ba ta haƙura ba. Da yamma ta yafa mayafi ta tafi wurin Abu maɗinki da naɗinta. Ta same shi a rumfarsa ya tasa ƙyallen Maharazu a gaba, yana tura allura da ƙarfin tsiya, yatsunsa duk shuni. Ta ce ya ɗinka mata taguwa, ko ba ado, ko ba aljihu, a dai haɗa sawayen a fitar da wuya.

"Haba Luba," in ji Abu, bai ko ɗago ba. "Ba ki ga abin da nika hwama da shi ba? Maharazu yac ce kar in taɓa aikin kowa sai na ƙare wanga, kuma tahiya ta matso. Haɗa sawaye aikin natsuwa na. Bari su tahi, in ya dawo ya iske ta."

"In ya dawo mi za ta yi mai? Yanzu aka zahi!"

"To ni hannu nawa gare ni?"

Ta tsaya a kansa ta roƙe shi, ta yi masa faɗa, ta tuna masa zaren da ta sha ba shi. Abu ya ci gaba da tura allurarsa, yana ganin rigimar mata ce kawai. Ta naɗe kayanta ta fita, tana jin kamar ta cinna wa rumfar wuta.

Ranar tafiya aka taru a bayan gari da sassafe, amma ko a lokacin iskar da take busowa ɗumi gare ta. Lubabatu ta ɓoye naɗin a ƙarƙashin mayafi. Ta ƙudura ko ba a ɗinka ba za ta cusa masa a hannu, in rana ta yi ya tuɓe baƙar rigar ya yafa wannan. Samari suka jeru, yawancinsu daga su sai warki. Mukhtari yana tsakiyarsu cikin riga har gwiwa, tana ɗaukar ido tana ƙara in ya motsa. Bature ya zo a kan doki ya bi layin da kallo, ya nuna shi da bulala. Tafintan Baturen ya miƙa masa sanda ya ce daga yau shi ne helluma. Mata suka rangaɗa guɗa.

Maharazu ya ratso mutane har inda take, baki har kunne. "Matar yaya, kin gani? Ina rariyakki?"

Ita abin da take gani daban ne: zufa ta riga ta fara gangarowa daga wuyan yaron, tana jan shuni tana zana masa layi a ƙeya, rana kuwa ba ta ko gama fitowa ba. Aka ɗaga kaya, layi ya motsa. Ta matsa gaba, ta zaro naɗin rabi. Yana da nisa, sai an kira shi zai juyo. Ta buɗe baki, sunan ya zo har kan harshenta.

Zuwaira matar Maharazu ta zungure ta da gwiwar hannu. "Ke Luba, lahiya? Ɗan hwari kika ma wanga kallo gaban maza? Yau kuma ina kunyar?"

Ta sunkuyar da kai. Kafin ta ɗago sun sha kwanar dabagin itatuwan geza, baƙar rigar ce ƙarshen abin da ta hango.

Ranar nan ba ta taɓa mazari ba. Ta fasa kaskon da bai yi mata laifin komai ba, ta kori akuya da muciya. Tana fushi da Maharazu, tana fushi da Abu, tana fushi da Nasaran da suka baro ƙasarsu suka zo raba gonakin mutane da itace. Wanda ta fi jin haushi kuwa ita ce kanta, da wannan bakin nata da aka ɗaure tun tana amarya ta kuma yarda ya ɗauru.

Washegari da la'asar wani Bafulatani mai suna Jaɓɓo, wanda yake kiwo wajen Gidan Katta kuma ya san mijinta, ya tsaya a ƙofar gida da takarkarinsa. An ɗora wani abu a bayan sa ɗin an rufe da tabarma. Daga ƙarƙashin tabarmar gefen baƙar riga yana leƙowa.

Maza suka taru a zaure, ita tana bayan zana tana jin komai. Jaɓɓo ya ce masu kaya sun gaya masa yadda aka yi. Helluma ba ya ɗaukar kaya, gaskiya ne, amma shi ne mai kai da kawowa, ya je gaban layi ya dawo baya, ya kora na ƙarshe ya sake komawa gaba. Saura tsirara suke tafiya, zufarsu tana bushewa. Shi tasa tana taruwa a cikin rigar. Abokansa sun yi ta ce masa ya tuɓe, ya ce in ya tuɓe Bature ba zai gane shi ba, kuma zai kunyata bappansa. Da rana ta take a kan wani fako marar ko inuwar kara, sai ya fara magana ba kan gado, ya faɗi. Aka jawo shi gindin wata aduwa, aka miƙa wa wani sandar, aka wuce.

"Can na iske shi," in ji Jaɓɓo. "Na tsaga rigar da wuƙa, na zuba mai ruwan gorana dut. Jikinai awa an hiddo shi daga tanda. Shina da sauran rai sa'ad da na ɗora shi. Kahin mu kawo Amarawa Allah ya karɓi abinai."

Mata suka fashe da kuka. Lubabatu ba ta yi ba, aka kuma yaba mata, don uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane. Ba su san ba kunya ce ta hana ta ba a wannan karon. Fushi ne ya cika mata ƙirji har babu wurin hawaye.

Masu wanka suka yi ta cuɗawa, shunin ya ƙi fita. Zufa ta riga ta tura shi cikin fata, daga wuya har cinya gawar shuɗiya ce. Suka gaji suka bari. Liman ya ce a kawo likkafani, rana tana yin ƙasa. Maharazu, wanda yake kuka da majina kamar ba shi ne mai dariyar nan ba, ya aika aka buɗe dilarsa aka kawo farin alawayyo na Turawa, mafi tsada a kayansa, mai santsi da kauri. Aka kira Abu ya zo da allurarsa.

Sai ga Lubabatu ta ɗaga zana ta shigo zaure, tsakiyar maza, ba ko sallama. Dattawa suka kau da kai. Ta nufi alawayyon ta ɗauka, ta kara a bakinta, ta sa tafi a baya, ta hura. Kowa yana kallo, ba wanda ya yi dariya. Ta jefa wa Maharazu shi a ƙirji.

"Riƙe abinka. Zahin da yas sha ya isa."

Ta zaro naɗin sawayenta ta dire a gaban maɗinki. "Abu, yanzu ka samu sarari?"

Abu ya kasa ɗaga kai. Ya warware naɗin.

Liman ya yi gyaran murya ya ce ta yi haƙuri, ajali ne, ba mai wuce ranarsa.

"Na sani, Malam. Ban yi jayayya da Allah ba. Da mutane nika yi, da ni kaina."

Maharazu ya matso a durƙushe. "Luba, don Allah. Alheri nis so mai. Ke ma kin san wancan ɗana na, wancan..."

"Mukhtari!"

Muryar Lubabatu ta fita har tsakar gida, kukan mata ya tsaya.

"Mukhtari a sunanai. Kac ce in hwaɗi ka ji, to ka ji. Mukhtari, ɗana, ni nih haihe shi. Mukhtari!"

Ta faɗa da dukan ƙarfinta, irin kiran da ake yi wa wanda ya yi nisa a bayan gari don ya juyo. Daga nan ba ta koma bayan zana ba, ba kuma wanda ya iya ce mata ta koma. Ta zauna a ƙasa kusa da Abu, ta riƙe masa bakin sawayen yana haɗawa, farin zarenta yana bi ta cikin yatsunta. Da ta ga ya fara jan allura da ƙarfi don sauri, sai ta dafe masa hannu.

"Kar ka matse ɗinkin," in ji ta. "Bari iska ta shiga mai."